Hannun da Ya Tuƙa Tuwon Gayya

Baba ya faɗo daga kan rumbu ana tsakiyar damina. Jinka yake gyarawa, tsani ya zame. Mai ɗori ya zo daga Faskari, ya ja ƙafar, ya ɗaure ta da sanduna, ya ce kada ta taɓa ƙasa sai an ci sabuwar dawa. Aka shimfiɗa mashi tabarma a zaure, inda iska ke ratsawa, inda masu dubiya za su same shi ba sai sun shiga cikin gida ba.

Gonarmu ta hanyar Daudawa ba ta san an yi ɗori ba. Dawa ta kai gwiwa, ciyawa ta kamo ta. Ni kuwa biro na sani. A shekarar na gama sakandare, ina zaune gida ina jiran a kira ni jami'a, ko kada a kira. Na gwada garma ni kaɗai. Kafin azahar hannuna ya yi bororo, kuyyoyin da na tayar kuma ba su kai a faɗa ba.

Masu dubiya sai su ce, "Allah sarki, ga shi Almu kaɗai gare shi." Baba ba ya gyara masu. Ni ma ban gyara ba. Amma ba ni kaɗai ya haifa ba.

Akwai Yaya Nata'ala. Uwa ɗaya uba ɗaya muke. Ɗan daudu ne. Yana da rumfa a kasuwar 'Yankara, tuwo da miya da soyayyar kaza. Yana ɗaura zane, yana sa lalle, in ya yi dariya sai ya tafa hannu. Akwai kuma Gide, direban babbar mota, mutumin Sabuwa, mai kwasar masara zuwa Funtuwa. Duk inda motar ta yini, a ƙofar ɗakin Yaya take kwana. An daɗe a haka. Gide bai yi aure ba, Yaya bai yi ba. Ban taɓa tambaya ba, su ma ba su taɓa ɓoye mani ba. Wata rana man suya ya fallatso wa Yaya a hannu, na ga yadda Gide ya yar da kwanon abincinsa ya kama hannun yana hurawa. Daga ranar ban buƙaci bayani ba.

Ina firamare Baba ya rantse Yaya ba zai sake taka zaurensa ba. Goggo, yayar Baba, wadda ta riƙe mu bayan rasuwar Inna, ita ta buɗe wata kafa a dangar bayan gida, kusa da turken awaki. Ta nan yake shigowa in ya zo gaishe ta. A duƙe. Ya fita a duƙe. Baba ya san da kafar. Bai toshe ba, bai kuma taɓa kallon wajen ba.

Baffa Salihu, ƙanen Baba, shi ya raba goron gayya. Bai sha da sauƙi ba. Samarin garin sun watse Kaduna da Legas aikin gini. Waɗanda suka dawo sun dawo da rediyo da babur, sun ce garma ta tsofaffi ce. Amma Baba bai taɓa ƙin gayyar kowa ba, don haka mutane suka karɓi goron. Har makaɗi aka samo, Mani, daga Ƙanƙara, da gangar nomansa.

Saura tuwo. Matar Baffa na wankan jego. Hannun Goggo kuwa rawa yake, ko ludayi ba ta kaiwa baki sai ta zubar da rabi. Matan maƙwabta suka ce za su yi daka, za su ɗebo ruwa, amma tuƙa tuwon taron maza irin wannan sai wanda ya saba da babbar tukunya. Goggo ba ta yi shawara da kowa ba. Ta aika 'Yankara.

Da sassafe ranar gayya motar Gide ta tsaya a lungun bayan gida. Aka miƙo tukwane ta kan danga. Yaya ya shigo ta kafar awaki, tawul a kafaɗa. Matan suka hau shewa, "Ga uwar tuwo! Ga uwar tuwo!" Ya ce, "Ku rufa mani asiri, 'yan nan, ku hura wuta." Su mata ba su taɓa gudunsa ba.

Baffa ya leƙo. Bai amsa gaisuwar Yaya ba.

"Ka tuƙa ka tahi," ya ce. "Kada namiji ko ɗaya ya gan ka. In Sarkin Noma ya tambaya, Goggo ce ta tuƙa. Kun ji ko?"

"Mun ji, Baffa," in ji Yaya.

A garinmu ba a tashi daga tuwon gayya haka kawai. In an cinye, Sarkin Noma zai ɗaga akushi sama ya tambayi mai gona hannun wa ya tuƙa. A faɗi suna. Ya yi wa hannun addu'a, kowa ya shafa, sannan a koma kan garma. Wanda ya ci bai shafa ba, cewa ake ya tashi da haƙƙi a ciki. Abin da Baffa ke nufi ke nan.

Na tsaya ina miƙa wa Yaya itace. Ya zuba gari, ya kama muciya da hannu biyu. Hayaƙi na shiga idonsa. Bai kalle ni ba da ya yi magana.

"Almu, wannan ce zuwana ta ƙarshe."

"Don mi?"

"Gide ya samu aiki Legas, jigilar siminti daga bakin ruwa. Ya ce in zo mu tafi. Can ma ana cin tuwo." Ya juya muciya. "Bayana ya gaji da duƙawa, ɗan'uwa. Akuya ma ta fara raina ni. Ɗazu da na shigo ko matsawa ba ta yi ba."

Ya yi dariya. Ni ban yi ba.

"Goggo ta sani?"

"Zan faɗa mata da yamma, in na wanke tukwane. Tafi gona, kada a ce ɗan boko ya makara."

Na ɗauki garma na fita ta zaure. Baba na kwance, idonsa a rufi. Ƙamshin daddawa ya cika zauren. Ya san hannun. 

A gona an riga an ja layi. Sarkin Noma Bilya na gaba, tsoho ne amma bayansa kamar kututture. Mani ya saki ganga. Aka duƙa. Ƙasa ta sha ruwa, tana tashi baƙa, tana ƙamshi. Mani na bin bayan mutane yana kiran kowa da sunan ubansa, wanda aka kira sai ya ƙara wuta. Da ya zo kaina ya ce, "Almu na Malam, tilon ɗa, magajin gona!" Na ji kamar ya watsa mani ƙasa a baki.

Kusa da ni Mamuda ne, abokina tun firamare. Ya riga ni shiga jami'a da shekara guda, ya zo hutu. Ya zo gayya da wando mai faɗin ƙafa da takalmi mai tudu, sai da ya cire ya rataye a reshe. Noma kaɗan, magana da yawa. Tun safe yake yi mani bayanin talakawa. Wai arzikin man fetur na kowa ne, wai duk ɗan Adam ɗaya ne, wai su ɗalibai su za su gyara ƙasar.

"In ka zo za ka gani," ya ce. "Kaza ake ba mu ranar Lahadi. Kowa da gadonsa, kowa da katifarsa." Sai ya tuntsire da dariya. "Ban da wani yaro a benenmu. Irin su yayanka ne, in yana tafiya kamar ba ya son taka ƙasa. Aka ce an gan shi da wani. Samari suka jefo katifarsa ta taga, cikin ruwan sama. Yanzu a ajin karatu yake kwana, kan benci."

"Kai mi ka yi?"

"Ni? Ina da jarrabawa."

"Shi ba talaka ba ne?"

"Kai Almu, wannan ai daban ne."

 Na wuce shi da kuyya biyu, hannuna na zubar da ruwa.

Rana ta take tsaka muka ji ƙugin mota, Mani na kan maimaita mani kirarin tilon ɗa. Gonar da nisa, tukwanen da nauyi, don haka Gide ya kawo su. Ya tsaya can bakin hanya, ya sauke akusa da ƙoren fura, muka kwaso zuwa gindin ɗorawa. Da na je ɗaukar na ƙarshe na ga Yaya a gaban motar. Ya zame ƙasa kan kujera, tawul a ka, don kada a hango shi ta gilashi. Ya biyo ne don ya zuba miya da zafinta. Ya ɗora yatsa a baki. Hannunsa ya yi jawur da tururi.

Aka zauna. Tuwon dawa, miyar kuɓewa ɗanya, man shanu na yawo a kai. Ba mai magana, sai ƙarar lashe yatsa. Wani ya ce, "Kai, miyar nan!" sai ya yi shiru kamar ya yi saɓo. Na bi fuskokinsu da kallo. Babu wanda bai san miyar ba. Ranar kasuwar 'Yankara duk a rumfar Yaya suke ƙarewa. Ta baya suke shiga, su zauna inda buhu ya kare su, su ce a ƙara masu romo.

Aka sauke akusa fes. Sarkin Noma ya ɗauki babban, ya miƙe, ya ɗaga shi sama.

"Mai gona, hannun wa?"

"Hannun yayarmu," in ji Baffa. "Goggon yara."

Kowa ya sunkuyar da kai, aka buɗe tafin hannu. Duk sun san hannun Goggo. Duk sun ga yadda take zubar da kunu a zane.

"Ba ita ba ce," na ce.

Muryar ta fito ƙarama. Na sake faɗa, yadda na bayan ma za su ji.

"Almu," Baffa ya ce. "Zauna."

"Ai zaune nake, Baffa."

Sai na miƙe.

"Yaya Nata'ala ne ya tuƙa. Tun safe yake kan wuta. Ga shi can cikin mota."

Wani ya ce a'uzubillahi. Wani ya tofar da yawu, ya hau goge baki da hannun riga, alhali tuwon ya riga ya kai inda za shi. Wani mai jar hula ya daka tsawa, "Ashe tuwon ɗan daudu aka ciyar da mu!"

"Ranar kasuwa wa ke ciyar da ku?" na ce.

Wasu samari biyu suka ƙunshe dariya. Mai jar hula ya yo kaina, aka riƙe shi.

Sarkin Noma bai sauke akushin ba. Ya dube ni, ba fushi a fuskarsa, gajiya ce.

"Yaro, don ubanka muka zo. Yana kwance. Kada ka kashe mashi gona da bakinka."

"Tambaya ka yi, Sarki, na ba ka amsa."

"An riga an ba ni amsa."

"Ta ƙarya. Addu'a za a yi. Ni ba na shafa addu'a a kan ƙarya."

"Ka san ko mi yayanka yake? Ka san abin da malamai suka ce?"

"Ni ba malami ba ne. Abin da ke tsakaninshi da Allah ba a ba ni ajiya ba, ku ma ba a ba ku ba. Tuwo na sani. Kun ci. Ku yi wa hannun addu'a."

"Boko ke nan," in ji Baffa. "Abin da aka tura shi ya koyo ke nan. Ku yi haƙuri, jama'a, yaro ne."

 Na san abin da nake yi. Na dubi gonar, rabi an huɗe, rabi ciyawa har ƙugu, ta gangara zuwa rafi. Abincinmu na shekara ke nan. Na san in suka tashi ba mai dawowa. Ban zauna ba.

Muka ji ƙarar ƙofar mota.

Gide ne ya fara sauka. Ya zagayo ya tsaya. Sannan Yaya ya sauko, ya cire tawul daga ka ya yafa a kafaɗa, ya gyara ɗaurin zanensa. Ya taho ta tsakiyar kuyyoyi, a miƙe, bai yi sauri ba. Gide na bayansa da taku ɗaya. Ban taɓa ganin Yaya a tsaye cikin mazan garinmu ba tun ina yaro. Ashe ya fi yawancinsu tsawo.

Kaina ya fara zuwa.

"Kai ɗan nan, wa ya aike ka?" ya ce a hankali. "Na ce maka ina neman lauya?"

"Ba ka ce ba."

"Ka kashe gonar Baba."

"Na sani."

Ya daɗe yana kallona. Sai ya ja numfashi, ya juya ya fuskanci taron, ya ɗan rusuna.

"Sannunku da aiki, iyayena. Sarki, barka da rana. Miyar ta yi? Na san kana son kuɓewa ta yi yauƙi, shi ya sa na ɗan sa kanwa." Ya dubi mai jar hula. "Kai kuma ka yi haƙuri, yau babu ƙafar kaza. Sai ranar kasuwa, in ka shigo ta bayan buhu."

Wannan karon dariyar ta kuɓuce wa mutane da yawa. Mai jar hula ya ɗauki garmarsa.

"Ni ban zo roƙon addu'a ba," Yaya ya ci gaba. "Wanda ya ga zai iya, ya yi. Wanda ba zai iya ba, ya ajiye mani akushina a hankali, kada ya tsage. Abu ɗaya dai. Ɗazu ina cikin mota na ji makaɗi yana cewa tilon ɗa. Mu biyu ne. A gindin ɗorawar nan Inna ke kwantar da ni in tana tsinkar wake. Ni ne babba."

 Kurciya na kuka can wajen rafi.

Sarkin Noma ya sauke akushin. A hankali ya ajiye shi, kamar yadda aka roƙa. Ya saɓa garma ya kama hanya. Bai zagi kowa ba. Mutane suka dinga tashi, ɗaya bayan ɗaya, wasu na karkaɗe riga, wasu ba sa son haɗa ido da ni. Baffa ne na ƙarshe.

"Ka ga abin da ka ja," ya ce. "Da rani in kun rasa abin ci, ka dafa gaskiyarka ku sha." Ya bi su.

Na ƙirga waɗanda suka rage da ido, ba su cika yatsun hannu biyu ba. Samarin nan biyu masu dariya. Wani maƙwabcinmu kurma da bai ji abin da aka yi ba, ko ya ji ya ƙi nunawa. Mani na zaune kan gangarsa yana sakace. Mamuda ba ya ciki. Na hango shi bakin hanya, takalminsa mai tudu a hannu.

Mani ya yar da tsinken sakace, ya miƙe, ya ɗauki akushin.

"Ni ba Sarki ba ne," ya ce, "amma baki gare ni. Mu makaɗa ma haka ake mana. A yi rawa da kiɗanmu, in mun nemi auren ɗiya a ce ba mu da asali." Ya ɗaga akushin sama. "Mai gona, hannun wa?"

"Hannun Nata'ala," na ce. "Ɗan Malam na fari."

"Allah Ya yi wa hannun albarka. Allah Ya tsare shi daga wuta, ta murhu da ta gobe. Allah Ya sa ya daɗe yana ciyar da mutane, masu godiya da marasa godiya."

Muka shafa. Gide ya shafa har sau biyu. Yaya bai ɗaga hannu ba, ya tsaya yana kallon tafukansa kamar na wani ne. Sai ya ja tawul ya goge fuska, ya ce hayaƙin safe ne bai gama fita ba.

Da na juya, Mamuda na bayana. Ban ga dawowarsa ba. Hannunsa na kan fuska, yana ƙarasa shafawa. Ya sake rataye takalmin a reshe.

"Ɗakinmu akwai gado ɗaya ba kowa," ya ce, yana kallon ƙasa. "Wanda ke kai ya bar karatu. Yaron nan na katifa... in mun koma zan gani."

"Ka gani," na ce. "In an kira ni, ni ma ina zuwa. Zan tambaye ka."

Mani ya saki ganga. Muka duƙa. Yaya ya tattare zane ya soke a ƙugu, ya ɗauki garmar da wani ya manta. Bai iya ba. Ya daɗe da barin noma, kuyyarsa ta karkace kamar hanyar maciji, kowane taku sai ya ce, "Wayyo bayana, ni Nata'ala, wa ya kai ni!" Gide na gefensa yana gyara mashi kuyyar. Mani ya bi bayansa da ganga: "Nata'ala na Malam, babban ɗa, mai muciya, mai garma!" Yaya ya ce, "Ka bar garmar, Mani, kada Allah Ya kama ka da ƙarya." Har kurman ya yi dariya da ya ga muna yi.

Ba mu gama ba. Ba yadda za a yi mu gama. Da rana ta yi ja mun huɗe ɗan abin da muka huɗe, ɓangaren rafi na nan yadda yake. Kowa ya san ciyawa ta cinye shi. Hannuna ya fashe, jini ya bushe a ƙotar garma. Muka loda tukwane muka hau mota.

Gide ya nufi lungun bayan gida, yadda ya saba. Yaya ya dafa mashi hannu.

"Tsaya a ƙofa."

Gide ya dube shi. Ya juya sitiyari.

Mutane na zaune a dakalin maƙwabta suna jiran magariba. Labari ya riga mu isowa. Yaya ya sauka, ya naɗe tawul ya yi gammo, ya ce a ɗora mashi babbar tukunya. Muka ɗora. Ya tako har bakin zaure ya tsaya.

Baba na kwance inda na bar shi. Akushin da aka kai mashi da rana na gefensa, an sauke shi fes. Ƙafarsa mai lafiya ta tare hanyar shiga.

"Salamu alaikum," in ji Yaya.

Baba bai kau da ido daga rufi ba.

"Salamu alaikum, Baba."

Sallama ba a ƙin amsa ta. Baba ya fi kowa sani. Ya amsa, can ƙasan maƙoshi, idonsa a kaina.

"Gonar fa?"

"Rabi," na ce. "Ta wajen rafi ta tafi."

"Salihu ya ce kai ka kashe ta."

"Ni ne."

"Ba ka da ta cewa?"

"Babu."

Ya mayar da ido rufi. Tukunyar na kan Yaya, wuyansa ya fara rawa, bai sauke ba, bai ja da baya ba.

"Na yi rantsuwa," Baba ya ce. Ba da kowa yake ba.

Muryar Goggo ta fito daga cikin gida. Ashe tana bayan ƙofa tun ɗazu.

"Sai ka yi kaffara. Kwance kake, ba noma kake ba, azumi ba zai kashe ka ba. Yaro na tsaye da kaya a ka."

 Ƙuda ya sauka a kan ɗorin, Baba ya kore shi. Ya dubi akushin. Sannan, karo na farko tun ina firamare, ya dubi Yaya a fuska.

"Gishiri ya yi yawa," ya ce.

"Gobe sai in rage, Baba."

Baba ya ja ƙafarsa mai lafiya, ya naɗe ta. Wurin da ya buɗe bai fi taku ɗaya ba. Yaya ya ɗan rage tsawo don kada tukunyar ta bugi saman ƙofa, ya taka, ya wuce. Na ji shewar Goggo, na ji ya ce mata, "Ke Goggo, bari in sauke mana, za ki sa in fasa."

Baba ya juya fuska bango. Bai yi mani magana ba, ranar da kwanakin da suka biyo. Ban nema ba.

Na ɗebo ruwa a kwanon sha na fita. Gide na tsaye jikin mota, bai san inda zai sa kansa ba. Na nuna mashi dakalinmu. Ya zauna, na miƙa mashi ruwan.

"Legas fa?" na ce.

Ya shanye, ya goge baki. Ya saurari muryar Yaya da ke tashi daga cikin gida, yana faɗa da akuya.

"Siminti ba ya ƙarewa," ya ce. "Masara ma kaya ce."

Aka kira salla. Mutane suka fara wucewa ta gabanmu zuwa masallaci. Ba wanda ya yi mana sannu. Mai jar hula ya tsallaka ɗaya gefen hanya. Na ɗauko buta biyu, na ba Gide ɗaya. Muka yi alwala a nan ƙofar gida, ruwan na shiga inda hannuna ya fashe. Muka bi bayansu.